Fili mai gangare: a cike shi, a yanke shi, ko a bi shi yadda yake?

Duk wanda ya taɓa neman fili a gefen Abuja ya san maganar dillalai: "Alhaji, ai nan tudu ne, ruwa ba ya kwana." Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. A Mpape, Katampe, Dutsen Alhaji da hanyar Bwari, haka ma a unguwanni da yawa na Jos, filin da ruwa ba ya kwana a cikinsa shi ne wanda ruwa ke ratsawa a guje. A unguwa ɗaya za ka tarar fuloti mai gangare ya fi maƙwabcinsa shimfiɗaɗɗe araha, mai saye ya yi ta murna, bai san rarar da ya samu a hannun dillali tana can tana jiransa a wajen mai tifa ba.

Na sha ganin gidajen da kuɗinsu ya ƙare kafin a kai difisi, wato kankaren da ake zubawa a kan harsashi kafin a ta da bangon ɗaki. Katanga ta zagaye, jar ƙasa ta cika ciki, ciyawa ta rufe ta, shekara uku ba a aza bulo ɗaya na ɗaki ba. Abin yana damuna, domin yawancin masu irin waɗannan filaye ma'aikata ne da 'yan kasuwa da suka yi shekaru suna tari. Kusan dukkansu abu ɗaya ya kayar da su: sun riga sun zaɓi zanen gida, sannan suka shiga kashe kuɗi don ƙasa ta dace da zanen. Ni a ganina zanen ne ya kamata ya rusuna wa ƙasa.

Kafin a yi maganar wace hanya ta fi, sai a auna. Ido yana ruɗi ƙwarai a kan gangare. Filin da za ka rantse bai wuce ƙafa uku ba, awo sai ya nuna takwas. Ko kafin a kira safiyo, birkila ɗaya da doguwar tiyo mai haske da aka cika da ruwa zai faɗa maka bambancin tsawo tsakanin kusurwoyi huɗu a cikin awa guda. Bayan nan a haƙa ramukan gwaji uku ko huɗu, zurfin tsayin mutum, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa, a ga me ke ciki: burji ne, marmara ce, laka ce, ko dutse ne kwance a ƙarƙashin 'yar ƙasa. Idan da hali, ka je filin a watan Agusta ana tsakiyar ruwa, ka tsaya da lema ka ga ta ina yake shigowa, ta ina yake fita. Takardar safiyo mai nuna hawa da saukar fili ita za ka miƙa wa mai zanen gida, kuma kuɗinta bai kai na tifa kaɗan na ciko ba.

Don kwatancen ya fito fili, mu ɗauki fuloti ɗaya mu riƙa gwada komai a kansa: ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30, wanda ya gangara mita 3 daga gaba zuwa baya. Wannan ba wani mugun gangare ba ne. Mita ɗaya ce a kowace mita goma, kuma irinsa ya cika unguwannin da na ambata.

Ciko shi ne abin da ke fara zuwa wa kowa a rai. A ɗaga katanga a baya, a yi ta zuba jar ƙasa har fili ya yi daidai da titi. Lissafinsa ba shi da wuya. Gurbin da za a cike a fulotinmu kubik mita 675 ne. Ƙasar da tifa ke kawowa a sake take, idan aka daɓe ta sai ta ragu, don haka sai an sayi kusan kubik 840. Da tifa mai ɗaukar kubik goma, sawu 84 ke nan, kuma kowane sawu farashinsa yana bin farashin man dizal da nisan wurin da ake ɗebo ƙasar. Duk wannan ba a taɓa gida ba tukuna.

Kuma cikon ba zai ɗauki gida ba. Harsashi dole ya ratsa shi ya sauka a kan ƙasar asali. Idan gidan ya kai wajen da cikon ya yi mita biyu, layi takwas na bulo mai inci tara za a binne, a cika ramukansa da kankare, kafin a zo inda ake fara ƙirga gini a fili shimfiɗaɗɗe. Shi kansa cikon da zai ɗauki daɓen ɗaki, ƙa'idarsa a zuba inci shida, a yayyafa ruwa, a bi da injin daɓe, sannan a ƙara wani inci shidan. Abin da aka fi yi shi ne a juye tifa a kan tifa, a ce a bar damina ta daɓe. Damina tana taimakawa, amma ba ta gama aikin. Bayan shekara biyu sai tayil ya fara ƙara kamar ganga idan an taka, ƙofa ta ƙi rufuwa, bututun ban ɗaki ya karye a ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani.

Babban abin tsoro a ciko shi ne katangar da ke riƙe shi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin rai ne a ciki. Katangar gida da katangar tare ƙasa ba abu ɗaya ba ne. Ta farko iska kawai take tarewa. Ta biyu kuwa ƙasa ce ke tura ta dare da rana, kuma turin ba ya ƙaruwa daidai da tsayi. Idan ka ninka tsayin katanga sau biyu, turin ƙasa ya ninku sau huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da ita kuma sau takwas. Idan ruwa ya taru a bayanta ya rasa mafita, turin yakan haura ninki biyu na lokacin da ƙasa take a bushe. Shi ya sa katangu ke faɗuwa a Agusta da Satumba, cikin dare, kuma a kan ɗakin maƙwabcin da ke ƙasa suke faɗawa. Katangar tare ƙasa mai mita uku aikin kankare da rodi ce, da gindi mai faɗin rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsayinta, da tsakuwa a bayanta, da bututu mai inci uku ko huɗu a kowace mita ɗaya zuwa biyu don ruwa ya tsiyaye. Duk wadda ta wuce ƙirjin mutum, a ba injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya lissafa ta. Idan birkila ya ce maka, "Yallaɓai, bulo mai inci tara da fila a kowace ƙafa goma ya isa, mun sha yi," ka tambaye shi damina nawa waɗanda ya yi suka gani.

Ciko yana da ranarsa. Idan gangaren da ke ƙarƙashin gidan bai wuce ƙafa biyu ba, shi ne mafi sauƙi, ba sai an wahalar da kai ba. Haka idan fulotin ya yi ƙasa da titi har ruwan kwata na iya juyowa ciki, dole a ɗaga wani ɓangare. Wani lokaci kuma ana haƙa babban gini kusa, suna neman inda za su zubar da ƙasa, ka samu kyauta ko a kuɗin mai. A karɓa, amma a tsaya a duba kowace tifa. Baƙar ƙasar noma, laka da shara ba su shiga ƙarƙashin ɗaki.

Hanya ta biyu ita ce a yanke rabin sama a cike rabin ƙasa da abin da aka yanko. A nan lissafi yana ba mutane mamaki. A fuloti ɗaya ɗin nan, ƙasar da za a motsa ta sauko daga kubik 675 zuwa kusan 170, kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba saye za a yi ba, sai dai ɗan ƙari don cike giɓin daɓe. Maimakon katanga ɗaya mai mita uku, za a yi biyu masu mita ɗaya da rabi, waɗanda ko an haɗa su ba su kai waccan cin rodi ba. Kuɗin ya koma hayar katafila na kwana biyu ko uku, da mai, da motar da za ta ɗauko ta ta mayar.

Illarta biyu ce. Idan aka ɗora gida a tsakiya, rabinsa a kan ƙasar asali mai tauri, rabinsa a kan sabon ciko, ɓangare ɗaya zai zauna ɗayan ya tsaya, bango ya tsage daidai kan iyakar. Maganinsa a janye gidan zuwa ɓangaren da aka yanka, a bar cikon ya zama tsakar gida, wurin ajiye mota ko lambu. Ta biyu, wurin da aka yanka ya koma ƙarƙashin tudu, duk ruwan da ke bin ƙasa daga sama a nan zai ɓullo. A bar rata ta mita ɗaya da rabi ko biyu tsakanin bangon gida da bakin yankan, a sa kwata a ciki. Kada kuma a yanka dab da katangar maƙwabcin sama, domin ƙasar da kake kwashewa ita ke riƙe harsashinsa.

Duk wannan lissafin yana rushewa idan haƙorin katafila ya bugi dutse, kuma a Abuja da Jos wannan ba abin mamaki ba ne. Fasa dutse shi ne aikin da ba mai iya yanke maka kuɗinsa tun farko. Ko a ɗauko injin fasa dutse ana biya kullum, ko masu guduma su hura wuta a kai su yi ta ɓantara makonni, ko a huda a zuba garin nan mai kumbura ya tsaga shi cikin dare. Nakiya sai mai lasisi, kuma a cikin unguwa ba abin da za a so ba ne. Mutanen Mpape ba su manta da motsin ƙasar da aka yi a watan Satumba na 2018 ba, wanda bayansa hukumar birnin tarayya ta dakatar da fasa duwatsu a yankin. Shawarata ga wanda ramin gwajinsa ya nuna dutse ita ce ya bar maganar yanka. Babu harsashin da ya fi falalen dutse. A share shi, a sassaƙa masa matakai, a huda a dasa rodi, a ɗora gida a kai. Wanda ya zama dole a fasa kuma kada a biya a kwashe shi, da shi za a gina katangar tare ƙasa.

Hanya ta uku ita na fi so, kuma ita aka fi ƙi tun kafin a saurara: a raba filin hawa-hawa. Fulotinmu a kasa shi uku, kowane kashi mita goma, kowanne ya fi na bayansa tsawo da mita ɗaya. Ƙasar da za a motsa duka-duka kusan kubik 56 ce, kashi ɗaya cikin sha biyu na ciko. Wannan aikin leburori ne da diga da shebur da baro, ba sai katafila ta shigo ba. Katangun da ke tsakani mita ɗaya-ɗaya ne, dutse da siminti ya ishe su. Harsashin ma a matakai ake yinsa, kowane mataki daidai tsayin bulo ɗaya ko biyu don layi ya tafi daidai, kankaren mataki na sama kuma ya hau kan na ƙasa sosai, ba su haɗu baki da baki ba.

Abin da ya sa nake ganin ta dace da mu shi ne, gidan Bahaushe dama can a rabe yake. Akwai wajen baƙi da mai gida, akwai cikin gida, akwai ɗakunan samari ko na haya da madafa ta waje. Idan kowane sashe ya samu hawansa, matakala biyar ko shida ce ta raba su, sai ka ga sirrin gida ma ya ƙaru, don wanda ke falon baƙi ba ya hango tsakar gida kai tsaye. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Mutanen Sukur da ke kan duwatsun Mandara a jihar Adamawa, wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune suna noma a kan tsauni da gajerun katangun dutse marasa siminti. Gajarta ce ke riƙe su, da kuma ƙofofin da ruwa ke bi tsakanin duwatsun.

Ba kyauta take zuwa ba. Zanen da ka gani a gidan abokinka ka so ba zai hau ba, sai an zana sabo, tun ran gini tun ran zane. Rufi yakan rabu biyu ko uku, kafinta ya ƙara kuɗi, kuma kowace mahaɗa wuri ne da yoyo ke nema. Sai matakala. Gidan da tsoho ko mai ciwon ƙafa zai zauna dole a yi masa tunani. Lokacin da ƙanin mahaifina ya sayi irin wannan fili, da na kawo masa maganar sai ya ce, "Ɗana, ni da gwiwar nan kake so in riƙa hawa da sauka a gidana?" Na ce, "Baffa, ɗakinka da falo da ban ɗaki duk a hawa ɗaya za su zauna, daidai da ƙofar gida da hanyar masallaci. Yara ne za su sauka." Gefe ɗaya kuma aka yi gangare mai laushi maimakon matakala, saboda baro da keken marasa lafiya. Da haka ya yarda.

Ta huɗu ita ce a tsayar da ginshiƙai a ɓangaren ƙasa, a zuba dekin, a ɗora gida a kai. Wannan ta fi kowacce cin siminti da rodi, kuma wanda ya yi gini a watan Fabrairu na 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000, ya san yadda farashi ke iya juya wa mutum lissafi a mako guda. A ƙaramin gangare ɓarna ce. Amma da zarar bambancin tsawo a ƙarƙashin gidan kansa ya kai mita biyu da rabi, sai ta zama ita ce mai hankali. Dubi abin da mai ciko ke yi a irin wannan wuri: ya gina bango huɗu masu tsayin ɗaki, sannan ya biya a cika ɗakin da ƙasa. Mai dekin ya gina bangon nan, ya rufe samansa, ya samu gareji, shago ko ɗaki da falo na haya da zai riƙa mayar masa da kuɗi. Sharaɗinta a yi wa bangon da ke jingine da ƙasa kariya daga danshi tun daga waje, da kwalta ko leda mai kauri, da tsakuwa da bututu a gindinsa, in ba haka ba ɗakin zai yi ta wari, fenti yana ɓarewa. Kuma a sa hawan ƙasan a cikin zanen da za a kai wa hukuma, ko sashen kula da gine-gine na Abuja ne, ko JMDB a Jos, ko KASUPDA a Kaduna, kada a ce daga baya za a rufe.

Wurin da ya fi rikitarwa shi ne tsakanin mita ɗaya da mita biyu: ya yi wa ciko yawa, ya yi wa ɗaki kaɗan. Idan ƙasar mai haƙuwa ce, a ƙara zurfi a fitar da cikakken ɗaki. Idan dutse ne, a koma hawa-hawa. Inda titi yake ma yana da ta cewa. Filin da ya hau sama daga titi ya fi daɗin sha'ani, ruwansa yana gangarowa kwatar gwamnati, gareji ya shige ƙarƙashin gida daidai da titi. Wanda ya gangara daga titi zuwa baya shi ne mai wuya, don ruwan titi yana neman shigowa, naka kuma ba shi da mafita sai ta gidan wani.

Ko wace hanya aka bi, akwai kuɗin da ba a taɓawa, shi ne na ruwa. Rufi mai murabba'in mita 200, idan aka yi ruwan milimita 50, wanda a Abuja yana iya sauka a yammaci ɗaya, lita 10,000 yake zubarwa, tanka guda. A fili mai gangare wannan ruwan gudu yake yi, yana tafiya da ƙasa. Wanda ya ga kwaruruwan da zaizaya ta haƙa a cikin garin Gombe ya san da ƙaramar hanyar ruwa suke farawa. Kwatar da za ta tare ruwan sama kafin ya shigo fili ita ce aikin farko, tun kafin harsashi. A sa wa rufi indararo da bututu har cikin kwata. Sokawe ya zauna a ƙasa, nesa da bayan katangar tare ƙasa, don kada ya riƙa jiƙa abin da take riƙewa. Gefen da aka bari a gangare a dasa masa jema, saiwarta tana kama ƙasa fiye da yadda ake zato.

Sauran tanadin a wajen ciniki yake. A yi aikin ƙasa da rani, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da tifa za ta iya hawa har cikin fili. Da damina a bakin titi za ta juye, ka sake biyan masu kwano su ɗauka. A ajiye mutum amintacce yana ƙirga sawu yana leƙa cikin kowace mota. A yanke farashin fasa dutse a rubuce tun kafin a gamu da shi, domin bayan an gamu da shi ba ka da bakin ciniki. Ƙasar saman da aka kankare a tara ta gefe don shuka. Ni nakan ce wa mutum ya ware ƙarin kashi ɗaya cikin biyar a kan duk abin da aka ƙiyasta na aikin ƙasa da harsashi, kada ya taɓa shi sai an zuba difisi.

A filin Baffa, abin da ya fi ɗaukar lokaci ba haƙa ba ne. Ruwansa ba shi da hanya sai ta gefen gidan da ke ƙasa. Sai da ya je da kansa bayan sallar La'asar, ya zauna da mai gidan da mai unguwa, aka amince a ratsa kwata mai murfi ta jikin katangar, shi zai gina, shi zai riƙa yashewa kafin kowace damina. Aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu, sannan leburori suka sa diga.